Japananci da Kunne Ɗaya

Mahaifina injinan mota na hannu yake sayarwa a wata rumfa kusa da kasuwa, gidanmu kuma a Gwange. A jikin akwatunan injinan na fara ganin rubutun Japan, na riƙa kwaikwayonsa da baƙin mai a kan kwali. Da na gama sakandare sai na shiga koyon harshen a waya, har wata jami'a a can ta ba ni gurbin karatu kyauta. Baba ya ce ba inda za ni.

"In ka koyo yaren, da wa za ka yi shi a Maiduguri?" in ji shi. "Kuma yayanka shi kaɗai ba zai iya da rumfar nan ba."

Ni kaina zuciyata biyu take. Ina son tafiya, amma a shekarun nan garin ba lafiya, duk wanda ya fita da safe sai an yi ta addu'a ya dawo.

Wata rana da hantsi na nufi rumfa, jakata a baya. Na kusa bakin kasuwa sai bam ya tashi. Ban ji ƙarar ba, sai dai na tsinci kaina a cikin kwata, bakina cike da ƙasa. Wani mai sayar da lemo yana zaune a tsakiyar titi yana kallon wurin da hannunsa yake a dā. Keke napep na ci da wuta, da mutane a ciki. Na tashi na sheƙa da gudu, ban ma san inda na nufa ba.

A wani lungu samarin unguwa masu gora da adda suka tare ni. Yaro ne da jaka yana gudu daga wurin bam, me kake so su zata? Suka zazzage jakar, littafin Japanancina ya faɗo. Babbansu ya buɗe, ya juya shi sama da ƙasa.

"Wannan rubutun su waye?"

Na ce na Japan ne, karatu nake. Ban rufe baki ba gora ta sauka a kunnena na hagu. Na faɗi, suka rufe ni da duka, wani yana taka mini yatsu, wani yana ihu a kawo taya. Na ji warin fetur. Sai wata tsohuwa maƙwabciyarmu, mai sayar da turaren wuta, ta kutsa cikinsu ta kwanta a kaina. Ta yi ta zazzaga musu faɗa da Kanuri, tana faɗin gidan da aka haife ni, har suka ja da baya.

A asibiti aka gaya mini Yaya ma yana can, a ɗakin da ke gaba. Ya fito sayen ruwa ne bam ɗin ya same shi, aka yanke masa ƙafar dama. Ni kuma kunnen ya mutu, har yau ba ya ji.

Baba ya zauna a bakin gadona, rigarsa duk jinin Yaya. Ya ce, "Ka tafi. Ko ɗaya ne a cikinku ya tsira." Yanzu kuma ni ne na ƙi. Wa zai ɗaga inji a rumfa? Wa zai kai Yaya bayan gida?

Da muka koma gida na yi ta jinyar Yaya, ban sake tayar da maganar ba. Wata rana ina wanke masa ciwon ya fizge tsumman ya jefe ni da shi.

"Kana so a ce ni na hana ka? Wallahi in ka zauna saboda ni, ba zan ƙara yi maka magana ba."

Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri." Ya juya fuskarsa bango, ya daina kula ni, ko abinci na kawo sai ya ture.

Na tafi bayan Babbar Salla. A aji kullum gefen hagu nake zama a layin gaba, don malama ta kasance ta wajen kunnena mai ji. Watanni na yi ina firgita in ƙofar jirgin ƙasa ta rufe. Yaya yana rumfa yanzu a kan kujera, shi ke ciniki, wani ɗan kawunmu ke ɗaukar kaya. In na kira Yaya ba ya tambayar karatu, sai dai ya ce in duba masa farashin giya-bos na mota a nan Japan.