Kaset ɗin Mahaifina da Na Shafe

Lokacin da wannan abu ya faru ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai. Na gama sakandare a Wurno, ina bin kawuna harkar albasa a kasuwar Goronyo. Na fara zama da wasu samari masu son karatun addini, kuma kamar kowane sabon shiga, gani nake duk gidanmu babu wanda ya kai ni sanin daidai da kuskure. Mahaifina hedimasta ne a wata firamare a Marnona, mutum mai shiru, ba ya rasa sallar jam'i, ban taɓa jin ya ɗaga wa kowa murya ba.

Abu ɗaya ne nake ganin ya rage masa daraja. Yana da wani tsohon kaset na wasu mawaƙan Ingila masu kiɗa da jita da ganguna. Waƙa guda ce tak a ciki, an maimaita ta har kaset ɗin ya cika. Duk Asabar bayan la'asar sai ya shimfiɗa tabarma a gindin dogonyaron tsakar gida, ya sa wa rakoda batir, ya rufe ido yana saurare. In ya gama sai ya cire batir, ya mayar da kaset cikin akwatin takardunsa.

Wata Asabar abokaina suka zo nemana suka same shi a haka. Muna fita ɗayansu ya ce ashe waƙar coci hedimasta yake saurare a ɓoye, sauran suka fashe da dariya. Maganar nan ta kwana bakwai tana cina. Ranar da Baba ya tafi taron malamai a Sakkwato na buɗe akwatin, na toshe ramukan kaset ɗin da takarda don a iya ɗaukar sabon abu a kansa, na ɗauki wa'azin da ake yi a rediyo a kansa, gaba da baya. Na mayar da shi inda yake, ina jin na yi aikin lada.

Da Asabar ta zagayo ina ɗaki ina leƙensa ta taga. Ya danna rakoda, sai muryar mai wa'azi ta fito. Ya buɗe ido ya daɗe yana kallon rakodar, ya juya kaset ɗin, nan ma haka. Bai kashe ba, ya bar wa'azin har ya ƙare, domin shi ba ya katse inda ake ambaton Allah. Sannan ya kira ni ya ce, "Kai ka yi wanga aiki?" Na ce ni ne, na shiga jero masa hujjoji. Ya bar ni har na gaji don kaina. Sai ya ce, "To, Allah shi ba ka lada. Amma da ka tambaye ni." Ya naɗe tabarmarsa ya shiga ɗaki, bai sake tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Washegari Inna ta same ni ina wanke babur, ta gaya mini abin da ban sani ba. Ta ce kaset ɗin kyautar amininsa ce, wani malami Kirista mutumin Zuru, wanda suka fara aikin koyarwa tare a Rabah. Ɗaki ɗaya suka zauna, tukunya ɗaya suka ci. Da Baba ya kwanta ciwo a wata damina, shi ya goya shi a keke har asibiti, ya yi jinyarsa sati uku. In azumi ya zo ba ya cin komai a gabansa. Mutumin yana son waɗannan mawaƙa, yakan ce kowa ya san waƙoƙinsu na farko, amma wannan sun fitar da ita ne can baya, lokacin da mutane suka daina yayinsu, kuma ta fi masa duk sauran. Da aka yi masa canjin wurin aiki ya ɗauko ta daga faifai zuwa kaset ya bar wa Baba. Bayan 'yan shekaru ya rasu, labari bai iso Wurno ba sai da aka binne shi. Abin da ya fi taɓa ni shi ne da Inna ta ce a farkon kaset ɗin akwai muryarsa, yana gaishe da Baba da Hausarsa ta Zuru yana dariya. Babu hotonsa ko ɗaya a gidanmu. Muryar nan ce kaɗai ta rage, ni kuma na shafe ta.

Ya kamata in tashi a lokacin in je in durƙusa. Ban je ba. Na ce wa raina ai ko mi aka ce kiɗa kiɗa ne. Na yi aure, na sami 'ya'ya, na kama noman rani a Goronyo, kullum ina cewa wata rana zan ba shi haƙuri.

Bayan ya yi ritaya sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi, magana ta yi masa nauyi. Yakan zauna a ƙofar ɗaki yana wani ɗan gunguni a maƙoshi, Inna ta ce waƙar nan ce yake bi. Lokacin ina da babbar waya. Na roƙe shi ya rubuta mini sunan mawaƙan, ya rubuta da hannun hagu da ƙyar, amma sunan waƙar ya ɓace masa. Na kai takardar wurin masu tura waƙoƙi a kasuwar Goronyo, suka zuba mini waɗanda suka yi suna. Na zauna kusa da shi ina kunna masa ɗaya bayan ɗaya. Da kiɗa ya fara sai ya kasa kunne, fuskarsa ta ɗan saki, can kuma ya girgiza kai. Haka muka yi kwanaki. Da na gaji na ce masa ya bari a cire albasa, zan shiga Sakkwato in nemo wanda ya san kan abin. Ya ɗaga hannunsa mai lafiya ya dafa kafaɗata. Ba a kai ga cire albasar ba ya rasu.

Wata uku bayan haka wata ma'aikaciyar jinya da aka turo Goronyo ta zo gidanmu ta'aziyya. Ashe ɗiyar aminin nan ce, ta daɗe tana cigiyar gidan. Ta ce mahaifinta ba ya kiran Baba da komai sai ɗan'uwana. Cikin hira Inna ta ambaci waƙar, sai matar ta ciro waya ta kunna, ta ce mahaifiyarta ma har yau tana saurarenta. Tun daga farkon kiɗan na gane gungunin da Baba yake yi. Na tambaye ta mi ake cewa a ciki. Ta ce wani mutum ne ya dawo garinsu bayan shekaru yana tambayar mutanen da ya bari, babu maganar coci ko kaɗan. Na kasa riƙe kaina, na yi kuka a gaban baƙuwa.

Ban rubuto wannan don in yanke hukunci a kan kiɗa ba, wannan na malamai ne. Na rubuto ne don samari masu zafin kai irin nawa na da. Ba tsoron Allah ne ya sa na buɗe akwatin nan ba, kunyar dariyar abokai ce, kuma yau ko ɗayansu ba ya tuna zancen. Iyayenmu sun yi rayuwa kafin a haife mu, suna da mutanen da suka rasa, suna da raɗaɗin da ba su faɗa mana ba. Kada ka sa hannu a abin da ba ka san tarihinsa ba. In kuwa ka riga ka ɓata musu, ka je yau, kada ka jira gobe. Shekara goma sha ɗaya na yi ina shiga ɗakin Baba ina gaishe shi, na kai shi asibiti, na yi masa wanka, na ciyar da shi da hannuna, amma ban taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ni ma ya sa ni.