Ƙwan da na ɗauka zare ne

Ɗazu Hajiya ta ɗaga silifa za ta make wani ɗan ƙwaro kore a jikin zogalenmu, na riƙe mata hannu. Wannan kam ba a kashe shi a gidana.

Sama da shekara arba'in ke nan, ina aiki a wata masaƙa a Bompai, na yi 'yan kunyoyin kuɓewa a bayan katanga. Kullum sai in ga fararen zarurruka a ƙarƙashin ganye, kowanne da ɗan ɗigo a bakinsa. Ni da nake wuni cikin auduga, na ɗauka ɓurɓushin zare ne iska ta kwaso daga inji, sai in sa yatsa in share. Darɓa kuwa, ƙananan ƙwarin nan masu tsotse ganye, ta lulluɓe kuɓewar har na fidda rai.

Ran nan Baba Bitrus, mai gadinmu ɗan Filato, ya tarar da ni ina sharewa.

"Malam Sani, me kake yi haka?"

"Zare nake cirewa, Baba."

"Wane zare? Ƙwai ne, sojojinka kake kashewa! Ga uwar nan, dube ta da kyau: koriya shar, fiffike shara-shara kamar leshi, ido kamar zinariya. 'Ya'yanta darɓa suke ci."

Daga ranar na ɗauke hannuna. Kafin damina ta wuce, har hula na cika masa da kuɓewa.

Ashe masu yi mini aiki kyauta nake hallakawa, ina ganin tsafta nake yi. Har yau "sojan Baba Bitrus" nake ce masa. Ku a garinku me ake kiransa?