Ke Riko

Tuwo nake yi wa ɗalibai a unguwar Danau Kota, nan ƙasar Malay. Su zo su ce, "Mama, tapau," in ƙulle masu a leda su tafi. Ba mai zama. Tun rasuwar maigidana ni kaɗai nake cin abinci, a tsaye, bakin tukunya.

Warin daddawa ya sha haɗa ni faɗa da maƙwabta. Ranar da wata farar tsohuwa ta buga min ƙofa, da ludayi a hannu na buɗe, na shirya mata. Sai ta lumshe ido ta ja numfashi.

"Ke riko!" in ji ta.

Na ɗauka zagi ne. Wani ɗalibi da ke jiran miya ya yi dariya. "Mama, Sifaniyanci ne. Wai daɗi."

"Ta ci ne da za ta san da daɗi?"

"Hancinta ya ci."

Daga Kolombiya ta zo, tana rainon jikoki a ɗakin da ke kallon nawa. Ba Hausa, ba Malay. Na zuba mata, ta zauna a tabarma, dole ni ma na zauna.

Kullum da azahar sai ta shigo. Miyar kuka, riko. Iskar hadari ta taga, riko. Turaren wuta, riko. Na taɓa yi mata kitso, ina ja tana hawaye tana riko. Mu ba ma yabon abinci da baki. Ka cinye, ka yi hamdala, shi ke nan. Amma na lura na fara tauna a hankali.

Da aikin ɗanta ya ƙare za su koma, ta kawo min wainar masara irin tasu. Ba gishiri, ba yaji. Ta tsaya tana kallon bakina.

"Riko," na ce.

Ta san ba ta yi min daɗi ba. Ta yi dariya har da riƙe ciki, sannan ta rungume ni. Na bari.

Waɗanda suka kama ɗakin yanzu tsumma suke cusawa a ƙarƙashin ƙofarsu in na ɗora miya. Ni kuwa tawa ƙofar a buɗe nake barinta. Da azahar in shimfiɗa tabarma in zauna in ci. Ban koma ci a tsaye ba.