Jadawalin da Ya Ci Aikin Yayana

Ana saura 'yan shekaru a samu mulkin kai na gama makaranta, aka ɗauke ni ƙaramin akawu a ofishin aikin hanya. Yayana yana cikin leburorin dindindin na wurin. Shi ne ya sayar da gonar babanmu bayan rasuwarsa don in zauna makaranta, ya rungumi diga da shebur yana ci da mata da 'ya'ya uku a Ƙofar Kware. Ban da wannan aikin ba shi da komai.

Wata rana Baturen ofis ya ce in riƙa ƙirga mutanen da ke taruwa a bakin ƙofa kowace safiya suna neman aiki. Ni kuwa uban rawar kai, shekara guda cur ina ƙirga, na ja layi da rula, na fitar da jadawali tsaf. Da an gama girbi sai 'yan cin rani su cika ƙofa maƙil, ko nawa aka ba su karɓa suke yi. Ruwan farko na sauka sai ka neme su ka rasa. A ƙasan takardar, ba wanda ya sa ni, na ƙara da hannuna: "Da damina leburori suna komawa gonakinsu." Wallahi har yau in na tuna layin nan ji nake kamar in kwaɗa wa kaina mari.

Bature ya yaba, har da dafa mini kafaɗa. Na koma gida ina hura hanci.

Bazara na shigowa sai heluma, wato shugaban leburori, ya tara su ya ce daga yau babu sauran lebura na dindindin. Za a riƙa ɗauka da rani a sallama da damina, tunda kowa yana da gona. Ni aka miƙa wa takardar sunayen waɗanda za a sallama in karanta. Da na zo kan sunan Yaya na kasa karantawa, sai heluma ne ya ƙarasa.

Na ruga wajen Bature na ce, "Ranka ya daɗe, akwai fa waɗanda ba su da gona." Ya buɗe jadawalin, ya ɗora yatsa kan layin nan. "Ba kai ka rubuta ba?" Na juya na fita.

Da la'asar na iske Yaya a zaure yana wanke ƙafa.

"Malam akawu," in ji shi, "an ce kai kar rubuta muna da gona. To nuna mini tawa in tai in yi shuka."

"Yaya, ka gafarce ni, ban sani ba..."

"Kai ne ba ka sani ba?"

Ko ɗaga murya bai yi ba. Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi!

Da ruwa ya zauna ya ari hauya ya fita ƙwadago. Matarsa ce ta gaya mini inda ya samu: gonar babanmu, wajen mutumin da ya saye ta. Na kai masa hatsi daga albashina, ya sa yara suka maido mini.

Rani ya zagayo, na fito da safe da littafina kamar kullum. Ga Yaya cikin layi, tsakanin 'yan cin rani, riƙe da tsohon sheburinsa. Ya kawar da kai. Haka na ƙirga da shi.