Malama Liyatu, Mai Kawo Tsofaffi Aji

Kullum ƙarfe shida da rabi na safe Malama Liyatu kan hau titin Wendover, rikoda da kaset-kaset a kujerar baya, ta nufi makarantar da ta shekara goma sha tara tana koyar da tarihi. A watan jiya ta yi ritaya. Ni mahaifin ɗalibarta Hamsatou ne. Wani abin da idona na gani, wani daga bakin 'yata na ji.

A 2004, ana darasi kan 'yan asalin wannan ƙasa da muke zaune a ƙetare, waɗanda Turawa suka tarar, wani yaro ya ɗora tafin hannu a baki yana ihu irin yadda ake nuna su a fim. Aji ya kwashe da dariya, ban da wata yarinya, Darla. Da aka tashi ta ce wa Malama, "Ni 'yar ƙabilar Lumbee ce. Littafin nan yana magana kamar mun ƙare."

Malama ba ta hori yaron ba. Ita ma 'yar ƙaramar ƙabila ce daga kudancin Kaduna, ta san zafin mutum ya buɗe littafi ya rasa sunan mutanensa. Ranar Asabar ta yi tuƙin awa biyu zuwa yankin Robeson, wurin kakar Darla, don ta gayyace ta aji. Tsohuwa ta ƙi, ta ce an sha kiransu a ɗaura musu gashin tsuntsu a ɗauki hoto. Malama ta ja kujera ta taya ta ɓarar wake. Asabar uku a jere tana komawa. A ta ukun tsohuwa ta ce, "Ke dai ba kya gajiya. Yaushe ne?"

Shugaban makaranta ya ce jarrabawa ta matso, darasi ɗaya kawai zai ba ta. Ta karɓa, ta gayyaci iyaye. Ina zaune a baya tsohuwa ta shigo da kayanta na zuwa coci. Ta ba da labarin sinimar garinsu tana yarinya: Turawa a ƙasa, bene kuma an raba shi da katako, 'yan asali gefe, baƙar fata gefe. Tana da ƙawa baƙa, tare suke zuwa, a ƙofa a raba su. In abin dariya ya zo, sai su ƙwanƙwasa wa juna katakon. Ran nan ta ƙwanƙwasa, shiru. Iyayen ƙawar sun yi ƙaura, ba ko sallama.

Sai Malama ta kira yaron nan mai ihu. "Maimaita mana labarin. Amma kada ka ce 'ita'. Ka ce 'ni'."

Ya fara yana murmushi. Da ya kai ga "na ƙwanƙwasa, ba ta amsa ba," sai ya tsaya. Tsohuwa ce ta miƙa hannu ta riƙe nasa har ya ƙarasa.

Malama, ke ce kika koya wa yara zama a gaban babba su yi shiru. Ke ce kika aiko min Hamsatou, wadda ko "ina kwana" da Turanci take amsa min, ta tsare ni da Hausarta mai gargada: "Baba, wa ya haifi kakanka?" Sai da na buga wa baffana waya Tasawa, muka ɗora kunne tare.

Bayan wannan, tsofaffi sun fi arba'in da suka zauna a ajinta, 'yan Lumbee, 'yan Cherokee, da namu. Ba a taɓa ba ta lambar yabo ba, ita ma ba ta nema ba.

Mun gode, rijiya mai ba da ruwa. Allah Ya ba ki hutu cikin lafiya. Ku kuma malamai da iyaye, kada ku jira wata Liyatu. Duk mai tsoho a gida ko a maƙwabta, nasa ne ko ba nasa ba, ya kai ɗansa gabansa tun bakin yana magana.