Askin da Baba Yohanna Ke Yi wa Tsironsa

Ina cikin jirgin ƙasa, mun kusa garin Hyattsville, sai Rifkatu, 'yar Baba Yohanna, ta kira ni a waya. "Anti Hadiza, Baba ya tafi," ta ce. Har na wuce tashata ban sani ba, bishiyoyi na gilmawa ta taga kamar a mafarki.

Baba Yohanna mutumin Kagoro ne, kuma shi ya koya mini aikin jinya sa'ad da na baro gida na zo ƙasar nan ta Turawa. Bayan ya yi ritaya, ciwon daji ya kama matarsa, Mama Saratu. Abinci ya daina shiga, barci ya ƙaurace mata. Da doka ta ba da dama, likitanta ma ya amince, sai wannan dattijon coci da ko sigari bai taɓa sha ba ya shuka wiwi tushe biyu a bayan gidansa a garin Bowie, don ya yi mata magani. Wasu abokan ibadarsa suka ɗauke ƙafa. Shi kuwa ya ci gaba da kula da tsironsa.

Nakan same shi da hantsi a durƙushe, ɗan almakashi a hannu, yana rera waƙar coci ƙasa-ƙasa. Aski yake kiran aikin. Ya tsinke kan tsiron don ya yi rassa, ya rage ganyen ƙasa don iska ta ratsa. Mama tana kan kujera cikin bargo tana gyangyaɗi, hasken rana yana wasa a fuskarta.

Wata rana ya miƙo mini almakashin. Na ce, "Baba, reshen nan lafiyarsa ƙalau, ina jin tausayinsa."

"Yanke, 'yata," ya ce. "In kin tausaya wa wannan, kin cuci sauran." Yakan kuma ce, "Tsiron da aka bar wa son ransa, tsayi kawai zai yi."

Da kaka ya girbe, ya haɗa mata man wiwin. Ranar da Mama ta cinye malmalar tuwo guda, ya kira ni, dariya kawai yake yi. Duk mun ɗauka ita za ta riga shi. Sai ga shi zuciyarsa ce ta tsaya, ita kuma tana nan, tana takawa da sanda.

Allah Ya jiƙan Baba Yohanna, Ya yafe masa kurakuransa, Ya ba shi hutawa. Allah Ya ba Rifkatu da ƙannenta haƙuri. Mama Saratu kuwa, Allah Ya sassauta mata ciwo, Ya ba mu ikon riƙe ta kamar yadda ya riƙe ta.