Tafin Hannun Baba Yoila da Sabon Faifan Jamaika

Kullum da safe, kafin keke napep su cika titin Bulumkutu, Baba Yoila ya share gaban shagonsa ya jera lasifikokin da aka kawo masa gyara. Duk wadda ya gama sai ya gwada ta da tsohon kaset ɗin kiɗan rege na manyan mawaƙan Jamaika, domin a cewarsa nauyin kiɗan ne ke tona asirin lasifikar da ba ta gyaru ba. Fiye da shekara talatin muna kai ƙararsa wurin bulama, mai unguwarmu, wai ya cika mana kunne. Godiya kuwa, ban taɓa jin wanda ya yi masa ba.

Malam Abakar ladan shaida ne: lasifikar masallaci Baba Yoila ba ya gwada ta da kiɗa, da muryarsa yake yi. Bayan ambaliya, tun daga unguwar Shehuri aka yi ta kawo masa lasifikoki cike da laka, ya wanke, ya shanya, ya tashe su.

Abin da ya ƙule ni ya faru ne a watan jiya. Wani sabon mawaƙin Jamaika ya fitar da faifai, ya haɗa rege da kiɗan Legas da sarewa da zubo zance irin na samarin yanzu. Babakura mai shayi, tsohon masoyin rege, da Daniel mai sayar da waya suka kwaso musunsu har shagon.

"Wannan fate ne, ba rege ba," in ji Babakura. "Na da suna waƙa ka ji kukan talaka. Wannan yaro me ya sani?"

"Su ma a zamaninsu haɗe-haɗe suka yi," in ji Daniel. "Baba, kai za ka raba mu."

Sai da Daniel ya maimaita, ya sake maimaitawa. Manya da su, ba wanda ya lura bakinsu Baba Yoila yake kallo. Ya kunna faifan, ya ɗora tafin hannunsa a kan lasifikar.

"Dukan da ke ƙasa irin na tsofaffin ne, ina jin sa a hannuna," ya ce. "Abin da yaron ya ɗora a sama kuwa, sai ku ba ni labari. Kunnen ya tafi tun bara."

Ƙarshen watan nan zai rufe shagon.

Baba Yoila, kai ne ka ƙarar da jinka don mu ji kiran salla da waƙar coci da kiɗan biki, mu kuma muka saka maka da ƙorafi. Mun gode, Allah ya saka da alheri. Masu gyara na yanzu, ku koyi riƙon amanarsa. Ku kuma 'yan unguwa, ku ajiye musun Jamaika ku je ku gode masa. Ku tsaya daidai gabansa, ku yi magana a hankali, don ya gani.